WUTAR TIRELA: A DUBA WAYA KAFIN A ZARGI BATIR

Idan kaka ta yi a ƙasar Tunuga, hanya ba ta hutawa. Shinkafar fadamun Gatawani da Dole tana fitowa. Gero da dawa suna fitowa. Rogo da dankali da rake suna neman kasuwa. Wani kaya ya nufi Gaya, wani ya nufi Kamba a Najeriya. Da can jaki da raƙumi da jirgin ruwa ne ke wannan aiki. Yau an samu ƙari: tarakta da ƙananan motoci suna jan tirela, tirela tana ɗauke da buhuna.

Tirela ba ta da inji, amma tana bukatar wuta. Tana bukatar jar fitilar baya, da fitilar birki, da sigina ta dama da ta hagu. Waɗansu manoma har batir suke ajewa cikinta. Da shi suke kunna fitila a masussuka, su saurari rediyo, su yi cajin wayar salula, ko su tayar da ƙaramin famfon feshi. A Turai da Amurka akwai masu jan tirela mai ɗaki da gado a ciki, su kwana cikinta inda dare ya yi musu. Ita ma batir gare ta, kuma motar da ke janta ita ke cika shi. Ciwon da ke damun tasu shi ne ke damun ta Tunuga.

Ciwon kuwa sananne ne. A wayi gari batirin tirela ya mutu. Ko fitilun baya su ƙi kamawa. Ko a taka birki, sigina ta kama maimakon fitilar birki. Nan da nan sai mai ita ya ce batir ya lalace. Ya sayar da buhunan shinkafa, ya tafi Gaya ya sayo sabo. Bayan mako biyu sabon ma ya kwanta. An yi asarar kuɗi, ciwo yana nan. Dalili shi ne sau da yawa laifin ba na batir ba ne. Laifin yana kan hanyar da wuta ke bi daga mota zuwa tirela.

YADDA WUTA TAKE TAFIYA

Manomin shinkafa ya san aikin ruwa. Famfo ya jawo ruwa daga kogi. Ruwa ya bi babbar hanya, ya bi ƙarama, ya shiga fage. In hanya ta toshe, ruwa ba ya zuwa. In ta yi ƙanƙanta, kaɗan ne ke isowa. In ta fashe a tsakiya, ruwa ya zube a banza.

Haka wutar mota take. A jikin injin akwai na'urar da ke haifar da wuta, makanikai suna ce mata alternata, waɗansu su ce dinamo. Ita ce famfo. Batir shi ne tafkin da ake tara wuta. Waya ita ce hanyar ruwa. Fitila ita ce fage.

Amma akwai bambanci ɗaya, kuma shi ya kamata a riƙe da kyau. Wuta ba ta tafiya sai tana da hanyar komowa. Tana fita daga kan batir mai alamar ƙari (+). Ta bi waya, ta shiga fitila. Daga nan dole ta komo kan batir mai alamar ragi (-). A jikin mota, ƙarfen motar ne hanyar komowa. Wannan hanya ita makanikai ke kira mas. In mas ya yanke, ko batir ya cika fal, fitila ba za ta kama ba.

Tsakanin mota da tirela akwai mahaɗi. A Nijar ana ce masa piriz, a Najeriya a ce soket. Rabinsa yana manne a bayan mota, rabi yana kan wayar tirela. Duk wutar tirela ta wannan ƙaramar ƙofa take wucewa. Ga shi kuma yana ƙasa, kusa da taya, inda ƙura da laka da ruwa suke samunsa.

ME YA SA ƘASAR NAN TAKE CIN WAYA

Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. A shekara mai kyau ruwan yana kai wajen milimita 800. Da damana tirela tana ratsa kududdufi da laka, ruwa ya shiga mahaɗi ya kwanta. Da hunturu ƙura ta cika shi. Da bazara zafi ya busar da robar waya har ta tsattsage.

Ga kuma gishiri. Ƙasar Dallol Foga da Dallol Mauri tana da gishiri da kanwa, kowa ya san gishirin Foga. Gishiri da danshi in sun haɗu, ƙarfe ne abincinsu. Takin zamani ma haka yake. Tirelar da ta ɗauki buhunan gishiri ko na taki, ba a wanke ta ba, wayoyinta ba sa daɗewa. Jar wayar da ke ciki sai ta koma kore, ta yi gari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Awaki da ɓeraye su ma suna da nasu rabo. Wayar da aka bari tana lilo a ƙofar gida, akuya ba ta ƙyale ta.

A FARA DA MAI ARAHA

Mai hankali ba ya fara bincike daga abu mai tsada. Sabon batir yana cin jikkuna da yawa. Fis kuwa, ko ƙwan fitila, kuɗinsa bai kai na tiyar shinkafa biyu ba. Saboda haka a bi abin daki-daki.

Na farko, a duba da ido. A bi waya tun daga mahaɗi har zuwa fitilun baya. A nemi inda ta goge a jikin ƙarfe, inda ta tsinke, inda aka ɗaura ta da leda. A kula da wurin da tirela ke juyawa in an sha kwana, domin nan waya ta fi matsewa. Waya in ta yi gajarta tana fizgewa. In ta yi tsawo tana jan ƙasa.

Na biyu, a buɗe mahaɗi. In an ga kore ko fari ko tsatsa a haƙoransa, a goge da takardar yashi ko bakin ƙaramar wuƙa har ƙarfe ya yi haske. A busa ƙura. A ɗaure ƙananan kusoshin da ke riƙe da wayoyi. In haƙori ya yi sako-sako, a ɗan buɗa shi kaɗan don ya kama da kyau.

Na uku, a duba fis, wanda waɗansu ke kira fizibil. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi don ya ƙone shi kaɗai in wuta ta yi yawa, ya ceci sauran kaya. Kowane fis da lambarsa. Irin na roba mai ƙafa biyu ana gane shi da launi: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In ya ƙone, a sa mai lamba ɗaya da shi. In sabon ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ke taɓa ƙarfe, sai a nemo ta. Kada a sa ƙusa ko takardar sigari ko guntun waya a madadin fis. Wanda ya yi haka ya cire mai gadi daga ƙofa. Waya za ta yi zafi, kuma tirelar da ke ɗauke da ƙaiƙayi ko harawa ba ta wasa da wuta.

Na huɗu, a duba ƙwan fitila. Na birki da na sigina yawanci wat 21 ne, na baya wat 5. A duba lambar bolt da ke jikinsa. Ƙananan motoci da yawancin taraktoci suna aiki da bolt 12. Manyan motocin da ke bin hanyar Gaya zuwa Doso suna aiki da bolt 24. Ƙwai mai bolt 12 in ya sha wutar 24, nan take zai ƙone. Mai bolt 24 in an sa shi a wutar 12, haskensa kamar na fitilar da manta ya ƙare.

MAS, UBAN RIKICI

In an tambayi masu gyaran wutar mota abin da ya fi kawo musu tirela, mas yana sahun gaba. Alamunsa ba su ɓuya. Fitilu suna yin dishi-dishi. A kunna sigina ta hagu, duk fitilun baya su riƙa ƙyaftawa tare. A taka birki, fitilar baya ta mutu. A kan hanya mai gargada wuta ta zo, ta ɗauke, ta zo, ta ɗauke. Abin da ke faruwa shi ne wuta ta rasa hanyarta ta komowa, tana neman wata ta cikin sauran fitilu.

Tireloli da yawa da maƙera suka haɗa a gida ba su da wayar mas ko kaɗan. An bar wuta ta komo ta ƙugiyar da ke jan tirela. Ƙugiya kuwa tana da tsatsa, tana da giris, tana motsi. Wannan ba hanya ba ce.

Gwajin yana da sauƙi. A samu doguwar waya mai kyau. A ɗaura baki ɗaya a kan batirin mota mai alamar ragi. A taɓa ɗaya bakin a ƙarfen tirela, inda aka kankare fenti. In fitilu sun haska sosai, an kama ɓarawo. Magani shi ne a ja wayar mas ta musamman daga mahaɗi, a ɗaure ta da noti a ƙarfen tirela mai tsabta, a shafa giris a kai don tsatsa.

FITILAR GWAJI

Ba sai da na'ura mai tsada ba. Kowane manomi yana iya haɗa fitilar gwaji da hannunsa. Ƙwan fitila ɗaya mai bolt 12, da guntayen waya biyu, shi ke nan. Waya ɗaya a gindin ƙwan, ɗaya a gefensa.

A raba tirela da mota. Mutum ɗaya ya zauna a mota yana kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya. Ɗayan ya taɓa waya ɗaya a ƙarfen mota, ɗaya a haƙoran mahaɗi. In fitilar gwaji ta kama a kowane haƙori ban da na mas, mota ba ta da laifi, ciwon yana tirela. In ba ta kama ba, ciwon yana mota. Da wannan kaɗai an raba aiki biyu.

Mahaɗi irin na Turai mai haƙora bakwai yana da lambobi a jikinsa, kowace lamba da aikinta da launin wayarta:

1, rawaya: sigina ta hagu.
2, shuɗi: fitilar hazo.
3, fari: mas.
4, kore: sigina ta dama.
5, ruwan ƙasa: fitilar baya ta dama.
6, ja: fitilar birki.
7, baƙi: fitilar baya ta hagu.

Sai dai a yi hattara. Motocin da ke yawo a yankin nan tsofaffi ne, an kawo su daga ƙasashe dabam-dabam, waɗansu daga Turai, waɗansu daga Amurka. Tsarin Amurka dabam yake da na Turai. Kuma hannu da yawa sun riga sun taɓa wayoyin. Launi yana iya ruɗin mutum. Fitilar gwaji ba ta ƙarya.

BATIRIN TIRELA DA BA YA CIKA

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A cikin haƙoran nan bakwai babu na cajin batir. Duka na fitilu ne. Mutum zai yi tafiyar yini yana tsammani batirin tirelarsa yana cika, alhali ko ɗigo bai shiga ba. Mahaɗi mai haƙora 13 shi ne ke da hanyar caji, a haƙori na 9 da na 10. In babu irinsa, sai makanike ya ja waya biyu na musamman, ta zuwa da ta komowa.

Wayar caji tana bukatar abu uku. Ta kasance mai kauri, domin tafiyar tana da nisa, kuma siririyar waya tana shanye wuta a hanya. Ta kasance da fis kusa da kowane batir, na mota da na tirela, domin kowannensu yana iya tura wuta in waya ta goge. Ta kasance da makunni mai raba batiran biyu in an kashe inji. Makanikai suna ce masa rile. In babu shi, fitilar masussuka za ta sha batirin tirela, ta wuce ta sha na mota. Da asuba tarakta ta ƙi tashi. Wanda ba shi da rile, ya zare mahaɗi duk lokacin da ya kashe inji.

Ƙananan injunan noma na hannu da yawa ba sa cajin batir. Wutar da suke bayarwa ta fitilar gaba ce kawai. Mai irin wannan inji gara ya cika batirinsa da faifan hasken rana, tare da ƙaramar na'urar da ke tsayar da caji in batir ya cika.

In akwai mitar awon wuta a ƙungiyar manoma ko wurin makanike, lambobi ne za su yi magana. Batir mai bolt 12 da ya huta, in ya cika, yana nuna 12.6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12.2, rabi ya rage. In ya sauka ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa. In inji yana aiki, batirin mota ya kamata ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, a duba fambel ko ya saki, sannan a duba alternata. Daga nan a auna batirin tirela, inji yana aiki. In na mota yana nuna 14, na tirela yana nan a 12, wuta ba ta isowa. Laifin waya ne ko fis ko mahaɗi.

SAI YANZU A ZO KAN BATIR

In an bi duk waɗannan matakai ba a ga kome ba, to, a juyo kan batir. A duba kawunansa biyu. In farin gari ya taru, a kwance su, a wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa ɗan kanwa a ciki. Kanwa tana kashe kaifin asid. Amma kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir. A goge, a ɗaure tam, a shafa giris ko basilin.

Batir mai marufai yana da ɗaki shida. A buɗe a leƙa. Ruwa ya kamata ya rufe farantan da ke ciki. Zafin bazara yana shanye shi da sauri. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa. Ban da ruwan rijiya, ban da na kogi, balle na dallol mai gishiri. Kada kuma a ƙara asid, domin ruwa ne ke tashi, asid yana nan.

A ɗaure batir da kyau a cikin akwatin katako. Girgizar hanya tana karya farantansa. Kada a bar shi babu caji wata da watanni, domin batirin da ya daɗe a kwance ba ya sake tashi da ƙarfinsa. In an cika shi da yamma, ba a haɗa shi da kome ba, aka wayi gari ya sauka ƙasa da 12, ko aka ga cikinsa ya kumbura, kwanansa ya ƙare. A nan ne sayen sabo ya zama daidai.

BATIR BA ABIN WASA BA NE

Lokacin caji batir yana fitar da iska mai kama wuta. Kada a sha taba kusa da shi, kada a leƙa shi da ashana. Kada a gwada ƙarfinsa ta hanyar haɗa kawunansa biyu da sifana don a ga tartsatsi. Batir yana fashewa, kuma asid yana makantarwa. In za a kwance shi, a fara da kan ragi. In za a mayar, kan ragi ne na ƙarshe. In asid ya taɓa ido ko fata, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, sannan a garzaya likita.

Tsohon batir cike yake da dalma, dalma kuwa guba ce. Makiyaya su buɗe kunne a nan. Shanu, musamman maruƙa, suna son lasar fasasshen batir da aka yar a daji ko a juji. Dabbar da ta lasa tana makancewa, tana dalalar da miyau, tana tangaɗi, sau da yawa ta mutu. Mutane ma ba su tsira ba. A ƙasar Senegal, a unguwar Caroy kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalmar tsofaffin batira da ake fasawa a gidaje. A jihar Zamfara ta Najeriya, a shekarar 2010, gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka kada a fasa batir a gida. Masunta kada su narka dalmarsa a tsakar gida ko a tukunyar abinci don nauyin taru. A mayar da tsohon batir wurin mai sayarwa, ba a zubar da ruwansa ba.

RAI YA FI BUHU

Asarar kuɗi tana da zafi, amma akwai wadda ta fi ta. Saboda zafin rana, masu jigila da yawa suna tafiya da asuba ko bayan magariba. Tirelar da ba ta da fitilar baya, a cikin duhu, bango ce a tsakiyar hanya. Mai babur da ya taho daga Gaya ba ya ganinta sai ya iso. Sau da yawa kuma a kan buhunan akwai mata da yara masu zuwa kasuwa.

Ko da wuta tana aiki, a manna jajayen madubai masu mayar da haske a bayan tirela. Ba sa bukatar batir, ba sa bukatar waya. Masu amalanken shanu da na jaki su ma su manna. In tirela ta lalace a hanya da dare, a ture ta gefe, a sa alama tun daga nesa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a fara yankan shinkafa, ƙungiyoyin manoma su ware rana ɗaya ta duba tireloli. A wanke wadda ta ɗauki taki ko gishiri. A goge mahaɗi, a ɗaure mas, a rataye waya nesa da ƙasa da bakin akuya. A aje fis biyu, da ƙwan fitila biyu, da fitilar gwaji a akwatin direba. Kowace safiya, kafin a tashi, yaro ya tsaya a baya ya faɗi ko birki da sigina sun kama. Aikin bai kai shan fura ɗaya daɗewa ba. Rigakafi ya fi magani.